Zuwa Dubiya a Jos: Jagora ga Ɗan Katolika daga Ƙofar Gida zuwa Gadon Asibiti

Kowace Lahadi, a addu'ar masu bi, mukan roƙi Allah domin marasa lafiya, jama'a su amsa, a wuce zuwa baiko. Ana tashi daga Mas kowa ya kama hanyar gida. Tsohuwar da ta yi shekaru tana zama a benci na gaba kuwa tana can kwance a Tudun Wada, kuma in ban da katekis babu wanda ya taka ƙofarta. Yawancinmu ba mugunta ce ke hana mu ba. Wani yana jin nauyin zuwa hannu rabbana, wani bai san abin da zai faɗa ba, wani kuma ya ɗauka aikin Fada ne da 'yan Zumunta.

Ikilisiya ta lissafa ayyukan jinƙai goma sha huɗu, bakwai na jiki, bakwai na ruhu. Shida daga cikin na jiki suna cikin Matta 25, inda Yesu ya yi maganar ranar shari'a: ciyar da mai yunwa, shayar da mai ƙishi, saukar da baƙo, suturta marar tufafi, duba marar lafiya, da ziyartar ɗan kurkuku. Na bakwai, binne matattu, daga littafin Tobit aka ɗauko shi. Na ware dubiya ne domin wanda ya riƙe ta da gaske, sauran ayyukan za su iske shi a hanya. Zai ciyar, zai ta'azantar, zai haɗiye faɗan mai ciwo, wata rana ma zai tsaya a bakin kabari.

Abin da nake so ya zauna a zuciya tun farko shi ne, zuwan farko ba shi ne aikin ba. A makon farko ɗaki cike yake, lemo da madara har an rasa wurin ajiyewa. Sai a wata na biyu ake gane wanda ya zo domin mai jiki da wanda ya zo domin kada a ce bai zo ba. Basamariyen nan na Luka 10 ya ba mai masauki dinari biyu, ya kuma ce zai dawo. Duk matakan da ke ƙasa an jera su ne domin ku iya dawowa.

Da farko, ku gano su waye

Waɗanda suka fi bukata ba kasafai ake sanar da sunansu a coci ba. Wanda ake sanarwa yana da mai kai sunansa ofis. Ku tambayi katekis, ku tambayi shugabar Zumuntar Mata Katolika ta unguwarku, ku tambayi mawaƙa da masu tsaron ƙofa: wa aka kwana biyu ba a gani ba? Ku sayi ɗan littafi, ku rubuta suna, unguwa, wanda ke jinya, lambar waya, da kwatancen gida. Kwatancen nan kada ku raina shi. A Jenta Adamu ko Kabong ko Anguwan Rukuba akwai gidajen da ke cikin duwatsu, keke ba ya kaiwa, lambar gida kuma babu. Ranar da za ku kira Fada da dare, wannan layi biyu da kuka rubuta ne zai kai shi.

Akwai rukuni na biyu da mazauna gari ke mantawa: waɗanda aka kawo daga nesa. Asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo, asibitin ƙwararru na jihar Filato, asibitin OLA na Sistoci, da Jankwano, duk suna karɓar mutane daga Bokkos, Mangu, Riyom, Pankshin, har Shendam. Mutum ya zo da matarsa ko 'yarsa kaɗai, ba su san kowa a gari ba, guzurin da suka zo da shi ya ƙare a makon farko. Ku nemi Fadan da ke kula da asibitin, ko ku tambayi shugabar nas-nas ta ɗakin cikin ladabi ko akwai wanda ba a zuwa dubawa. Sun sani sarai.

Kada ku ɗauki mutum goma. Biyu ko uku sun isa ga mai aiki da iyali. Sannan ku sanar da Fadan cocinku abin da kuke shirin yi, tun kafin ku fara.

Ku tafi biyu-biyu

Yesu ya aiki almajiransa biyu-biyu, kuma ƙungiyoyin da suka daɗe a wannan aiki ba su sauya tsarin ba. Ƙungiyar Waliyyi Vincent de Paul, wadda Frédéric Ozanam da abokansa ɗalibai suka kafa a birnin Paris a 1833, haka take zuwa gidajen matalauta. Rundunar Maryamu, wadda Frank Duff ya fara a Dublin a 1921, ita ma haka. Akwai bambanci tsakaninsu da ya kamata sabon shiga ya sani: dokar Rundunar Maryamu ta hana membobinta raba kuɗi ko kaya a yayin aikinsu, nasu addu'a ne da ziyara. Taimakon kuɗi da abinci na 'yan Vincent ne. In kuna cikin ɗaya, ku san lambar wayar ɗayar.

Amfanin mutum biyu a fili yake. Ɗaya yana hira da mai jiki, ɗaya ya ja mai jinya waje ya ji ainihin halin da ake ciki. In kuɗi ya shiga, akwai shaida. Kuma namiji ba ya shiga ɗakin gwauruwa ko budurwa shi kaɗai, komai tsarkin niyyarsa, don bakin unguwa ba ya tambayar niyya. Idan mace za a duba, a samu mace a tafiyar. Zuwan ƙungiya gaba ɗaya da anko da ganguna yana da ranarsa, amma ba a kan wanda aka yi wa tiyata shekaranjiya ba.

Kafin ku fita daga gida

Ku kira mai jinya, ku yi tambaya uku: yaushe ya fi dacewa mu zo, me likita ya hana, me ya ƙare a ɗakin? Tambaya ta biyu tana ceton rai. Mai ciwon suga ba a kai masa lemon kwalba da maltina, mai hawan jini ba a cika masa gishiri da dunƙule, mai ciwon ƙoda akan ƙayyade masa har ruwan sha, wanda za a shiga da shi tiyata kuma ba ya cin komai. In likita bai hana ba, gwate mai zafi ko kunun acha ko kunun gyaɗa sun fi shiga bakin da ya ƙi abinci fiye da kayan gwangwani.

Tambaya ta uku takan fito da abubuwan da ba mai tunawa da su: sabulun wanka da na wanki, man shafawa, bokiti, famfas na manya, katin waya, flas na ruwan zafi. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma sanyin Disamba da Janairu ba ya raga wa tsofaffi, haka ma masu sikila, waɗanda sanyi ke tayar musu da ciwo. A lokacin hunturu, bargo ɗaya da safa sun fi kwandon lemo daraja.

In ba ku da ko sisi, ku tafi haka. Zumunta a ƙafa take. Ɗebo ruwa, share tsakar gida, wanke zanen gado, duk dubiya ce.

Abu biyu ku bari a gida. Na farko, maganin da ya yi wa kawunku aiki, na bature ne ko na gargajiya. Sura ta 38 ta littafin Sirak ta ce a girmama likita, a yi addu'a kuma a bar shi ya yi aikinsa, to kada ku zama likita na biyu a bakin gado. Na biyu, murarku. Mai tari ko mura ko zazzaɓi ya zauna, ya yi waya. Ku wanke hannu da sabulu kafin shiga da bayan fita. Inda ma'aikata suka ce ba a shiga, kamar wanda ake zargin yana da zazzaɓin Lassa, ba a shiga, kuma wannan ba ƙarancin bangaskiya ba ne.

A cikin ɗaki

A gida, ku gaida masu gida tukuna, ku jira a ce ku shiga. A asibiti, ku kiyaye lokacin dubiya da aka rubuta a ƙofa, in likitoci suna zagaye ku koma waje. Kuna shiga babban ɗaki, ku gaida kowane gado da ke kusa, ba naku kaɗai ba. Tun bayan rikicin 2001 da waɗanda suka biyo baya, unguwannin Jos da yawa sun rabu, Kirista a nan, Musulmi a can. Ɗakin asibiti na cikin 'yan wuraren da suka rage inda mutumin Anguwan Rogo da na Gada Biyu ke kwana gado da gado, matansu suna aron cokali da ruwan zafi. "Sannu Alhaji, yaya jiki? Allah ya ƙara sauƙi." Wannan ta isa. In kun zo da ayaba, ku miƙa masa. Ba wurin wa'azi ba ne, kuma mutumin da ke kwance ba ya iya tashi ya bar muku wurin.

Ku samu kujera ku zauna, kada ku tsaya a kansa, kada kuma ku zauna a gadon. Ku kira shi da abin da aka saba kiransa: Baba, Mama, Kaka, Malam. "Mama, sannu da jiki." Za ta ce da sauƙi, ko da babu sauƙin, don haka aka koya mana. Kada ku tsaya nan. Ku tambayi abin da ke da amsa: kin samu barci jiya? Abinci yana shiga? Akwai wanda kike so mu kira miki? Daga nan ku yi shiru ku saurara.

Shirun nan shi ya fi wuya. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, kuma lokacin ne suka fi amfani. Da suka buɗe baki sai suka shiga neman laifin da ya jawo masa masifa. Har yau irin wannan magana ce ke fita daga bakin masu dubiya. "Ka bincika rayuwarka." "Wannan ciwo ba na asibiti ba ne, hannun mutum ne." "Haka ya kama wane, bai yi sati biyu ba." Ta farko Yesu da kansa ya rushe ta a Yohanna 9, da aka tambaye shi zunubin wa ya sa aka haifi mutum makaho. Ta biyu ta raba gidaje da yawa, ta sa an bar magani an tafi neman maye a cikin dangi, sau da yawa a ɗora wa wata tsohuwa ko maraya. Ɗan Katolika ba ya kai wannan magana gidan kowa. In mai jikin ne ya kawo ta, ku saurare shi, kada ku yi masa dariya, kada ku ƙara mata gishiri, ku gaya wa Fada.

Idan ya yi kuka, ku bar shi. Idan ya ce Allah ya manta da shi, kada ku yi saurin gyara masa tauhidi, domin Zabura cike take da irin wannan kuka. Idan ya ce yana jin tsoron mutuwa, kada ku rufe masa baki da "haba, daina faɗin haka". Wataƙila ku ne na farko da ya iya gaya wa. Ku tambaye shi ko yana so ya ga Fada.

Minti goma sha biyar zuwa ashirin sun isa a asibiti. A gida, wurin tsohon da kaɗaici ya fi ciwo damunsa, kuna iya daɗewa. In ido ya fara lumshewa, ku tashi.

Waya ta zauna a aljihu. Hoton mutum da robar fitsari a gefen gado ba abin sakawa a WhatsApp na ƙungiya ba ne, ko da an rubuta "mu sa shi a addu'a" a ƙasa. Haka sunan ciwon. Wanda ya gaya muku yana ɗauke da ƙanjamau ko ciwon daji ko taɓin hankali, amana ya ba ku. A taron addu'a a ce "ɗan'uwanmu ba shi da lafiya" ya wadatar, Allah ya san sauran.

Addu'a

Ku nemi izini: "Baba, mu yi addu'a?" Ku yi ta gajere, da murya ƙasa-ƙasa, don na gadon kusa yana iya zama bai runtsa ba tun jiya. Alamar gicciye, Zabura 23 ko 121, Ubanmu, A gaishe ki Maryamu, sai roƙo ɗaya da sunansa. Mai ƙarfi-ƙarfi kuna iya jan gida ɗaya na Rosari tare da shi. Wanda numfashi ke masa wuya, ku sa masa carbin a hannu ku ja, shi ya bi a zuci. Tsofaffi da yawa da suka daina gane 'ya'yansu, leɓensu na motsi in an fara addu'ar da suka haddace tun ajin baftisma, musamman a harshen da suka koye ta. In Berom ne ko Ngas ko Goemai kuma ɗayanku yana ji, ya ja da shi.

Carbin Jinƙan Allah, wanda ya zo ta hannun Waliyyiya Faustina ta ƙasar Poland, wadda Paparoma John Paul na biyu ya ayyana a cikin tsarkaka a shekarar 2000, ya dace da bakin gado ƙwarai. Ba ya kai minti goma, kalmominsa kaɗan ne masu maimaituwa, kuma an saba yin sa a wurin wanda ke bakin mutuwa. Ƙarfe uku na rana ne lokacinsa da aka sani, amma ba a hana wani lokaci ba.

Kuna iya yayyafa ruwan albarka. Abin da ba naku ba shi ne shafa wa mutum man zaitun a goshi kamar kuna ba da sakramenti, ko shelar cewa ya warke ya zubar da magani. In ɗan COCIN ne ko ECWA, ku tsaya a kan Zabura da Ubanmu, abin da kuka haɗu a kai.

Kiran Fada, kuma da wuri

A nan ne iyalai suka fi yin kuskure, don haka zan daɗe a kai. Mutane da yawa suna ganin in Fada ya shigo da mai, to an gama. Sai a ɓoye, a jira, a ce kada a tsorata Mama, har sai ta daina magana, sannan a shiga buga waya ƙarfe biyun dare. Babban taron Batikan na biyu ya fayyace tun 1963 cewa shafewar marasa lafiya ba ta waɗanda ke kan gargara kaɗai ba ce. Da zarar mai bi ya fara shiga haɗari saboda ciwo ko tsufa, lokacinta ya yi. Tushenta yana cikin Yaƙubu 5:14-15, inda aka ce marar lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a, su shafa masa mai cikin sunan Ubangiji. Ana karɓarta kafin babbar tiyata. Tsohon da ƙarfinsa ya ragu sosai yana karɓa ko da ba a gano wani ciwo ba. Ana maimaita ta in ciwon ya tsananta, ko in mutum ya warke ya sake kwantawa. Yaron da ya kai hankali shi ma yana karɓa.

Fada ko Bishop ne kaɗai ke ba da ita, ba dikin ba, ba Sista ba, ba katekis ba. Man da ake amfani da shi Bishop ne ke sa masa albarka a Mas na musamman a Mako Mai Tsarki ko dab da shi, Fada kuma yakan shafa a goshi da hannaye. Wanda ya suma ana iya shafa masa in an san da yana cikin hayyacinsa zai so. Wanda ya riga ya cika ba a shafa masa, sai dai a yi masa addu'a. Shi ya sa jinkirin ke da tsada: mai jiki ya rasa damar furta zunubansa da bakinsa, ya rasa karɓar Jikin Kristi a matsayin guzurin tafiya. Furci kuma ba a yin sa ta waya.

Yadda za ku yi ke nan. Ku fara tambayar mai jikin da kansa, ba tare da kewaye-kewaye ba: "Mama, kina so Fada ya zo ya yi miki addu'a, ya kawo miki Tarayya?" Yawanci za ku ga fuska ta saki. Sannan ku je ofishin coci ko ku kira, ku faɗi suna, wuri, ko yana magana, ko yana iya haɗiya, da ko abin na gaggawa ne. In a asibiti ne ku faɗi ɗaki da lambar gado. In a lungu ne, ɗayanku ya tsaya a bakin titi ya tare shi. Idan ba a samu Fadan cocinku ba kuma abin ya matsa, kowane Fada ya isa, Jos kuwa ba ta rasa su ba. Ba a biyan kuɗin sakramenti, kada rashin abin hannu ya sa iyali su ƙi kira.

Ku shirya ɗakin: ƙaramin tebur da farin ƙyalle, gicciye, kyandir in a gida ne, da kofin ruwan sha. Kusa da tukunyar iskar oksijin ba a kunna wuta ko kaɗan. Lokacin furci kowa ya fita, har mai jinya. A babban ɗakin asibiti a ja labule, ku matsa nesa. Bayan haka a dawo a yi sauran addu'ar tare. Azumin awa ɗaya da ake yi kafin karɓar Tarayya bai hau kan marasa lafiya da tsofaffi ba, har da masu jinyarsu. In ba ya iya haɗiya, ku gaya wa Fada tun kafin ya taso.

Wanda ya daɗe a kwance, ku sa sunansa cikin jerin waɗanda ake kai wa Tarayya a kai a kai. Coci da yawa suna yin wannan zagaye a Juma'ar farko ta wata. Mai kaiwa sai Fada, dikin, ko wanda aka ba izini. Ba a naɗe Jikin Kristi a hankici a kai wa Kaka don ƙauna.

Za ku haɗu da wanda zai ce ya shekara ashirin bai karɓa ba, don bai ɗaura aure a coci ba, ko ya ƙara mata, ko ya koma wata majami'a ya dawo. Kada ku yanke hukunci ta kowane ɓangare, kada ku ce ba komai, kada kuma ku ce ba dama. Ku ce, "Bari mu kira Fada ku yi magana." An sha gyara aure a bakin gado.

Abu ɗaya ne kowa ke iya yi in rai na hannun Allah kuma ba Fada: baftismar jaririn da iyayensa ke so a yi masa. A zuba ruwa a kansa sau uku ana cewa, "Ina yi maka baftisma cikin sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki." Daga baya a kai rahoto coci a rubuta.

A coci da yawa ana yin Mas na marasa lafiya ranar 11 ga Fabrairu, ranar tunawa da bayyanar Maryamu a Lourdes a 1858, wadda John Paul na biyu ya mayar Ranar Marasa Lafiya ta Duniya a 1992. Masu mota su ba da ita ranar, a ɗauko waɗanda suka daɗe ba su ga bagade ba.

Kuɗi da jini

Ba za ku daɗe ba za a nuna muku takardar magani. Kada ku yi alkawarin abin da ba ya aljihunku. Ku ce za ku kai maganar gaban ƙungiya, ku kuma dawo da amsa ko da a'a ce. In an samu taimako, ya fi kyau ku je kantin magani da takardar likita, ko ku biya a wurin karɓar kuɗi na asibiti ku riƙe rasit. Ba don ana zargin iyali ba, sai don gidan da babu abinci, kuɗin allura yakan koma garin masara, kuma ba mai ganin laifinsu. In haka ne, buƙatu biyu ne, a rubuta su biyu. Kuɗin ƙungiya mutum biyu ke sa hannu, a karanta lissafi a taro ba tare da sunan wanda aka taimaka ba.

Ku san ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa: akwatin 'yan Vincent, ofishin JDPC, wato hukumar adalci, ci gaba da zaman lafiya ta babban dayosis, sashen jin daɗin marasa lafiya da manyan asibitoci ke da shi, da hukumar inshorar lafiya ta jiha, PLASCHEMA. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta ware, ana shan sa aƙalla wata shida, kuma babban taimakonku shi ne ku tabbata bai daina ba don ya ji sauƙi.

Jini kuwa taimako ne da talaka ke iya bayarwa daidai da mai kuɗi. Lafiyayyen da ya kai shekara 18, mai nauyin kilo 50 zuwa sama, yana iya bayarwa bayan an gwada shi, abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba. Ku zauna da shugabannin CYON, ƙungiyar matasan Katolika, ku haɗa jerin matasan da suka yarda da rukunin jininsu, tun kafin ranar da mai naƙuda za ta bukata.

Mai jinya

Kowa na tambayar mai jiki, ba mai tambayar wadda ta yi wata tana kwana a tabarma ƙarƙashin gado. Ku ce mata sannu da jinya, ku tambaya ko ta ci abinci. Kyautar da ta fi kowace ita ce ku karɓe ta na awa uku ta je ta yi wanka, ta yi barci, ko ta je Mas. Ku koyi abin da ake yi: wanda ba ya iya motsi, kamar mai shanyewar ɓarin jiki, ana juya shi kusan kowane awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo, a kuma kiyaye shimfiɗa a bushe. Ku roƙi nas ta nuna muku yadda ake ɗaga shi. In 'yar makaranta ce aka cire daga aji don jinya, wannan magana ce ta kai wa ƙungiya da gaggawa.

Ranar dawowa

Kafin ku fita, ku faɗi ranar da za ku dawo, ranar da kuka tabbata za ku iya. Sau ɗaya a mako biyu da ba ya fashi ya fi kullum na sati ɗaya. Mai kwanciya yana ƙirga kwanaki, in kun ce Alhamis tun safe yake sauraron ƙofa. In abu ya taso, ku kira. Ku rubuta a littafinku abin da kuka gani da abin da kuka yi alkawari. In kun gaji, kuma za ku gaji, ku miƙa sunan ga wasu biyun, ku kai su da kanku ku gabatar da su. Sallama daga asibiti ba ƙarshen aiki ba ne, don a gida ne babu nas, ga bashi, ga ranar komawa ganin likita da ba kuɗin mota.

Wasu za su warke, a yi Mas na godiya. Wasu ba za su tashi ba. Idan rai ya fita kuna wurin, ku sanar da ma'aikata, ku kira Fada ko katekis, ku yi addu'ar matattu a natse, ku bar iyali su yi kukansu. A shirin jana'iza, ku zama muryar da ke cewa a yi daidai ƙarfi. Ajiye gawa wata da watanni a mutuware ana tara kuɗin anko da abinci, alhali an kasa sayen magani tana da rai, ba girmamawa ba ce. Ku sa a yi Mas dominsa, ku tuna da sunansa ranar 2 ga Nuwamba, ranar addu'a domin matattu.

Bayan wata guda, lokacin da 'yan zaman makoki suka watse, ku koma wurin gwauruwar, mace a cikinku. Ku tambayi kuɗin makarantar yara da na haya. Ku taimaka mata ta haɗa takardu wuri ɗaya: shaidar mutuwa, takardar aure, takardun fili ko gida, da na wurin aikin marigayin in yana da haƙƙin da za a biya. Idan dangin miji sun fara maganar kwashe kaya ko raba ta da ɗaki, kada ku shiga faɗan da kanku. Ku rubuta abin da ta gaya muku da ranar da ya faru, ku raka ta wurin Fada a makon, shi ya haɗa ta da ofishin JDPC ko lauya.